Wa Ya Ce Ba A Wasa Ana Yaƙi?

Akwai wata magana da ta zama yayi a bakin wasu mutanenmu, wadda na ga lokaci ya yi da za a tsaya a amsa ta. Duk ranar da wata masifa ta faɗa wa Arewa, ko 'yan bindiga sun tashi wani ƙauye, ko bam ya tashi a wata kasuwa, kafin a gama jana'iza sai ka ji an juyo kan 'yan fim da marubuta: "Wai ku ba ku da imani ne? Ana kashe mutane kuna rawa da waƙa, kuna rubuta mana soyayya!" Daga nan sai wani ya kawo shawarar a rufe gidajen kallo, a dakatar da shirya finafinai har sai ƙasa ta zauna lafiya. Jama'a, wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya ɗauki bindiga yana daji yana sheƙe ayarsa, wanda ya ɗauki kyamara shi ake nema da bulala.

Na san masu wannan magana ba duka ne mugaye ba. Da yawansu zafin zuciya ne, kuma wanda aka kashe wa ɗan'uwa yana da haƙƙin ya ji haushin dariyar maƙwabci. To amma zafin zuciya daban, hujja daban. Tunda abin ya zama gardama, bari mu je inda aka taɓa gwada wannan shawara tasu, mu ga yadda ta kaya.

Ranar 3 ga Satumba, 1939, Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, yaƙin nan da muke kira yaƙin Hitila, wanda ya kwashi kakanninmu har zuwa dazukan Bama. A ranar ce gwamnati ta ba da umarnin a rufe dukkan gidajen wasan kwaikwayo da sinimomi na ƙasar. Dalilinta ba na raini ba ne: ana tsoron jiragen Jamus su saki bam a kan ɗakin da ya tara ɗaruruwan mutane. A 'yan kwanakin nan ne kuma aka kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, akasarinsu yara, daga birane zuwa karkara. Da dare ba a yarda ko hasken fitila ya fito ta taga ba. Shahararren marubucin wasan kwaikwayon nan George Bernard Shaw bai yi wata-wata ba ya aika wa jaridar The Times wasiƙa, ya kira rufewar wauta ta marasa tunani. Mai karatu, ka san kwana nawa dokar ta yi? Cikin kimanin mako biyu gwamnati ta lashe amanta, aka sake buɗe ƙofofi, aka ƙayyade lokacin tashi. Ta gano cewa mutumin da ka kulle a gida cikin duhu, ba abin da zai yi sai sauraren jiniya da jita-jita, ka riga ka taya abokin gaba rabin aikinsa.

Wani zai ce ai lokacin ba a fara ruwan bama-bamai ba. Gaskiya ne. An fara ranar 7 ga Satumba, 1940, aka shafe kusan wata biyu ana dukan Landan dare bayan dare, aka ci gaba har watan Mayu na 1941. Farar hula sama da 40,000 suka mutu a faɗin ƙasar. Su kansu gidajen wasan ba su tsira ba: bam ya rusa gaban gidan Queen's a 1940, ya lalata tsohon gidan nan Old Vic a 1941. A makonnin farko kusan duk manyan gidajen wasa na tsakiyar Landan sun daina wasan dare. To amma me 'yan wasan suka yi? Ba su naɗe tabarma sun koma gida ba. Da kiɗa ya canza, sai rawa ta canza. Wani ɗan wasa mai suna Donald Wolfit ya fito da dabarar nuna guntayen wasannin Shakespeare da rana tsaka a gidan Strand, lokacin da ma'aikata ke fita cin abinci. Wata makaɗiyar fiyano, Myra Hess, ta mayar da babban gidan adana zane-zane na ƙasa, wanda aka kwashe kayansa aka ɓoye a yankin Wales, ya zama zauren kiɗa da rana, kuɗin shiga sule ɗaya. An yi irin wannan zama fiye da sau 1,600 daga 1939 zuwa 1946. Da gidajen wasa suka dawo sosai, sai aka matso da lokacin farawa zuwa yamma, don kowa ya isa gida da wuri. A takardar shirin wasa ana buga sanarwa cewa idan jiniya ta yi kuka za a sanar da 'yan kallo, mai son fita zuwa mafaka ya fita, amma wasa zai ci gaba. Kuma yana ci gaba ɗin.

Yanzu bari mu zo kan abin da zai fi ba masu sukar haushi. Da a ce manyan wasannin hikima kaɗai aka yi, da sun ce to wannan ilimi ne. Ina! Har da fantomaim.

Ga wanda bai sani ba, fantomaim a Ingila wasan barkwanci ne na lokacin Kirsimeti, wanda iyaye ke kai 'ya'yansu kallo daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu. Ana ɗauko tatsuniya ce da kowa ya sani, irin su Sindarela, ko labarin Aladin mai fitila, ko Ali Baba da ɓarayi arba'in, waɗanda mu ma muka sani ta hanyar hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, sai a cuɗa ta da waƙa da rawa da shaƙiyanci. Wani ƙaton namiji ne ke fitowa a matsayin tsohuwa mai surutu, budurwa kuma ta fito a matsayin saurayin labarin. Mutum biyu su shiga cikin rigar doki ko ta saniya, ɗaya kai ɗaya gindi. 'Yan kallo ba sa zama shiru: in mugu ya fito a yi masa ihu, in ya laɓe yara su yi ta kururuwa suna tona wa jarumi inda yake. A tsakiyar tatsuniyar kuma ana cusa habaici kan abin da ke faruwa a gari a wannan shekarar. Duk Bahaushen da ya tashi yana ganin tashe da azumi, ya ga yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, ko ya ga Nalako ya fito farautar gwauraye a Kano, ba ya bukatar dogon bayani.

To wannan wasan na yara, wannan "shirmen" in ji masu suka, bai tsaya ba duk tsawon yaƙin, a Landan da sauran birane. Kuma ba cikin jin daɗi ake yin sa ba. Samari majiya ƙarfi sun tafi fagen daga, sai dattawa da mata suka riƙe dandamali. Daga Yunin 1941 tufafi ma sai da takardar rabo ake saye, don haka tsofaffin kayan wasa ake ta yi wa kwaskwarima. Takarda ta yi wuya, har takardar shirin wasa ta ƙanƙance. Habaicin kuwa ya koma kan Hitila da layin karɓar abinci da duhun dare. Yaron da ya kwana a ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa saboda tsoron bam, washegari ya zauna a kujera ya yi wa mugu ihu har muryarsa ta dushe, ya ga an kayar da mugun a gabansa. Malam, in kai ba ka ga amfanin wannan ba, uwar yaron ta gani.

Har gidan sarauta abin ya kai. A fadar Windsor, inda aka ajiye 'ya'yan Sarki George na Shida saboda yaƙi, an yi fantomaim kowace Kirsimeti daga 1941 zuwa 1944 tare da yaran makarantar unguwa. A 1943 wadda ta fito a matsayin Aladin ita ce Gimbiya Elizabeth, wadda ta zama Sarauniya a 1952. Kuɗin da aka tara an sayi ulu da shi don saƙa wa sojoji kayan sanyi. Kai, hatta fursunonin yaƙin Birtaniya da ke tsare a sansanonin Jamus sun riƙa haɗa dandamali suna wasa.

Ga wani misali da zai yi wa masu karatun littattafanmu daɗi. A 1941 bam ya lalata masaukin marubuci Noel Coward a Landan. Sai ya tafi bakin teku a Wales, cikin ƙasa da mako guda ya rubuta wasan barkwanci mai suna Blithe Spirit. Labarin me? Labarin kishi! Wani marubuci ne matarsa ta mutu ya sake aure, sai ya gayyato wata mai da'awar magana da matattu don ya samu abin rubutawa, ai kuwa sai fatalwar uwargida ta dawo gidan ta hana amarya sakat. A Landan an fara nuna shi a gidan Piccadilly a watan Yuli na 1941. Tun a lokacin an samu masu cewa bai dace a yi wasa da mutuwa ba alhali kowane gida na makoki. Su wa suka ba su amsa? Masu makokin da kansu. Sau 1,997 aka nuna wasan nan a jere, abin da wani wasa marar waƙa bai taɓa yi ba a Landan kafin lokacin, kuma a 1945 darakta David Lean ya mayar da shi fim. Saboda haka duk mai cewa labarin kishiya ba ya da gurbi a lokacin tashin hankali, sai ya fara yi mana bayanin wannan adadi.

Gwamnatin da ta rufe gidajen wasa a 1939 ita ce ta dawo tana zuba musu kuɗi. A 1940 aka kafa wata majalisa ta tallafa wa kiɗa da fasaha, wadda ta ɗauki nauyin 'yan wasan Old Vic, ciki har da jaruma Sybil Thorndike, suka bi ƙauyukan masu haƙar kwal na Wales suna nuna Macbeth. A 1944 rundunar sojan ruwa ta saki Laurence Olivier da Ralph Richardson daga aikin soja don su koma su jagoranci ƙungiyar. Ka ji fa, ana tsakiyar yaƙi an cire wa mutum kaki an ce ya koma dandamali! Wannan majalisar ce ta rikiɗe ta zama hukumar fasaha ta ƙasa a 1946. A ɗaya ɓangaren kuwa, Goebbels, ministan farfagandar Hitila, shi ne ya rufe dukkan gidajen wasan kwaikwayo na Jamus daga 1 ga Satumba, 1944, ya tura 'yan wasa masana'antun makamai da fagen daga. Bayan wata takwas Jamus ta miƙa wuya. Ban ce rufe gidajen wasa ne ya kayar da ita ba. Abin da nake cewa shi ne, rufewar alama ce ta ƙasar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Af, kafin wani ya ɗauko min maganar nan da ke yawo a Facebook, wai an ce wa Churchill a yanke kuɗin fasaha sai ya tambaya to don me ake yaƙin: masu bin diddigin kalamansa ba su samu inda ya faɗe ta ba. Ba ma bukatar ƙarya, gaskiyar da ke ƙasa ta ishe mu.

Na san makaman da masu suka za su zaro, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko, haɗari. Ranar 8 ga Maris, 1941, bam ya faɗa gidan rawa na Café de Paris a Landan ya kashe mutum sama da 30. Mafi muni, ranar 16 ga Disamba, 1944, roka samfurin V-2 ta faɗa kan sinimar Rex a birnin Antwerp na Beljiyam ana tsakiyar kallo, mutum 567 suka mutu. Mu ma nan mun ga yadda aka tayar da bam a gidan kallon ƙwallo a Damaturu a watan Yunin 2014. Duk wanda ya ce taron jama'a ba ya da haɗari a irin wannan lokaci maƙaryaci ne. To amma kasuwa fa? Tashar mota fa? Masallaci da makaranta fa? Duk an kai musu hari, kuma ban ji wanda ya ce a rufe su har sai ƙasa ta zauna lafiya ba. Abin da ake yi shi ne a sa tsaro, a binciki mai shiga, a canza lokaci. In an samu takamaiman labarin hari, a rufe na kwana biyu ko mako, ba mai ja. Abin da nake ja da shi shi ne a fake da tsaro a cika tsohon buri na kashe sana'ar mutane.

Na biyu, za su ce ai gidan da ya fi suna a wancan zamani shi ne Windmill, mai alfaharin cewa bam bai taɓa sa shi rufewa ba, kuma abin da ake nunawa a cikinsa tsiraici ne. Haka ne, kuma ba shi nake kafa hujja da shi ba. Haka nan ban ce namiji ya ɗaura zane ya fito mana a matsayin tsohuwa don Turawa sun yi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Muna da addini, muna da al'ada, muna da hukumomin tacewa da aka kafa don wannan aiki. A tace abin da za a nuna, wannan magana ce. A ce kada a nuna komai, wannan wata magana ce daban.

Na uku, za su ce waɗancan ai ba Musulmi ba ne. To mu je Sarayebo, babban birnin Bosniya, birnin masallatai, wanda sojojin Sabiyawa suka yi wa ƙawanya daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996. An kashe mutum sama da 10,000, ba wuta, ba ruwan famfo, maharba na ɗauke mutane a kan titi, an ƙona babban ɗakin karatu na ƙasa a watan Agustan 1992. A watan Mayu na wannan shekarar, wato makonni kaɗan da fara ƙawanyar, 'yan wasan birnin suka kafa ƙungiyar da suka kira gidan wasan yaƙi na Sarayebo. A 1993 marubuciyar Amurka Susan Sontag ta je ta shirya wasan Samuel Beckett na wasu mutum biyu da ke jiran wani Godot da bai taɓa zuwa ba. Da kyandir aka haska dandamalin. 'Yan wasan saboda yunwa sukan kwanta a ƙasa da zarar an tsaya hutu wajen gwaji. 'Yan kallo kuwa sai sun ratsa titunan da ake harbi kafin su iso, kuma sun fahimci wasan sarai, don su ma jiran duniya suke ta kawo musu ɗauki. A 1995, ƙawanya ba ta ƙare ba, aka kafa bikin finafinai na Sarayebo. Shin waɗannan mutane ba su san zafin mutuwa ba ne? Ko mu da ke zaune a inuwa mun fi su sanin abin da ya dace da mai makoki?

To, 'yan fim da marubuta, kada ku yi saurin tafa min, don sauran bulalar taku ce. Abin da ya ba 'yan wasan Landan da na Sarayebo bakin magana shi ne bam ɗin da ke neman ɗan kallo shi ke neman su. Sun bi mutane har ramin kwal da barikin soja da asibiti. Habaicinsu a kan abin da ke damun jama'a yake. Mu fa? Tun 2009 ake fama da rikicin Boko Haram, ga na 'yan bindiga ya biyo baya, miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Finafinai nawa muka yi da matar da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira za ta kalla ta ce wannan labarina ne? Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya taɓo wannan fanni, a yaba masa. Amma fim ɗin da ya fi yin suna a waje kan wannan masifa, The Milkmaid na 2020, wanda akasarinsa da Hausa aka yi shi har Maryam Booth ta fito a ciki, Desmond Ovbiagele ne ya shirya shi, ba ɗan masana'antarmu ba. Wannan bai isa abin kunya ba?

Na san akwai jaruman da suka kai buhunan shinkafa sansanoni, Allah ya saka musu. Amma shinkafa kowane mai kuɗi zai iya kaiwa. Abin da ku kaɗai kuke da shi shi ne wasa. Kun manta daga wasan daɓe masana'antar nan ta fito? Ƙungiyar Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kafin ta san kyamara. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya san bariki ciki da waje, ya mayar da ita abin dariya a Samanja, har sojan da farar hular suka zauna suna dariya tare. Wasan daɓe ba ya bukatar janareta ko intanet. Fili, da tabarma, da mutum biyar masu basira, da rana tsaka, shi ke nan. Me ya hana ƙungiyoyinku su ware ko mako ɗaya a shekara, da ƙaramar Sallah misali, su je su ba yaran sansani abin da fantomaim ya ba yaran Landan? In ba ku yi ba, to kun ba masu suka sandar dukan ku, kuma ba za ku iya fakewa da Wolfit ko Sontag ba.

Hukumomi kuma, darasin a bayyane yake. Birtaniya ta gwada rufewa, ta janye cikin mako biyu, ta koma tallafawa. Ku ba da tsaro, ku tsara lokaci, ku tace abin da ya saɓa wa tarbiyya, sannan ku bar mutane su yi numfashi. Burin ɗan ta'adda shi ne gari ya mutu tun mutanensa na da rai: ba biki, ba kasuwar dare, ba tashe, ba dariya. Wanda ya taya shi kashe fitilar, ko da kyakkyawar niyya ya yi, ya san wa ya yi wa aiki.

Mai ja da wannan magana, ga fili ga mai doki, shafin nan na kowa ne. Sai dai ya zo da hujja da shekara da sunan gari kamar yadda na kawo, kada ya zo da zagi. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da na sansani gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.